Akta ba ya mutuwa, amma an rataye Umar Mukhtar

Jiya da daddare an ɗauke wuta a layinmu, zafi ya kore mu daga ɗaki, muka taru a teburin mai shayi na bakin titi nan Agege. Wani yaro mai tuƙa Keke yana gefe yana kallo a waya, ƙarar harsashi sai tashi take yi. Na ce masa, "Kai, wane yaƙi ake yi a hannunka haka?" Ya ce, "Rambo ne Alhaji, fassarar Hausa." Shi ke nan fa gardama ta kaure kan wane fim ɗin yaƙi ne ya fi kowanne. Har ƙarfe ɗaya ba mu tashi ba, mai shayi ma ya kife kofunansa ya zo ya sa baki. A can ba a bar ni na kai aya ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Wanda ya katse ni har sau uku ya san kansa.

Kada wani ya ɗauka raina Rambo nake yi. Ni ma ɗan gidan kallo ne. Mun taso lokacin kaset, benci uku da talabijin ɗaya a saman tebur, mai gidan yana tsaye a ƙofa yana karɓar sulalla. Turancinmu gaba ɗaya kalma biyu ce: akta da bos. Doka kuma ɗaya ce, akta ba ya mutuwa. Ko an harbe shi, a kafaɗa ne. Commando na 1985, mutum ɗaya ya shiga tsibiri ya share runduna guda, bindigarsa ba ta san ƙarewar harsashi ba, mu kuwa muna ta tafi har da hawa kan benci. Rambo na uku, na 1988, ya je Afganistan ya haɗu da mujahidai suka yaƙi sojojin Rasha, ranar nan kam har da kabbara a gidan kallo. Shekara goma sha uku bayan nan Amurka da kanta ta kai yaƙi wannan ƙasar, amma wannan wata magana ce.

Abin da ya raba ni da waccan doka kaset ne guda da kawuna ya shigo da shi gida wani azumi. Mu Umar Mukhtar muke ce masa, sunansa na asali Lion of the Desert. Da aka kunna sai na ga tsoho da farin gemu da ɗan tabarau yana koya wa yara karatu, sak malaminmu na allo. Na ce wa kawu, "Ina aktan?" Ya ce, "Ga shi nan kana kallo." Raina bai so ba. Ba ƙwanji, ba jigidar harsashi, doki kawai da tsohuwar bindiga.

Wannan tsohon shekara ashirin ya yi yana hana Italiya barci a Libiya, tun shigarsu a 1911. Da Mussolini, shugaban Italiya, ya gaji ya turo Janar Graziani, shi kuma da ya ga ba zai iya kama mayaƙan a tsaunuka ba sai ya juya kan masu ba su abinci. Ya kwashe mutanen karkara ya zuba a sansanoni cikin hamada, aka hallaka dabbobinsu, aka lalata rijiyoyi, aka ja waya mai ƙaya a kan iyaka da Masar don kada ko ƙwayar hatsi ta shigo. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba. Har yau ina ganin wurin da mayaƙan suke ɗaure ƙafafunsu da igiya a inda suka yi kwanton ɓauna, don ko tankar yaƙi ta taho kansu ba halin gudu. Akwai kuma inda suka kama wani matashin hafsan Italiya, yaran tsoho suka so kashe shi tunda haka su ma ake yi musu, ya hana, ya nuna musu cewa ai ba a wurin Italiyawa suka yi karatu ba balle su kwaikwaye su. Lokacin ban gane nauyin maganar ba. Sai da na girma na ga yadda mutum kan rikiɗe ya zama abin da yake yaƙa.

Aka kama shi, aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka, aka kai shi gindin igiya a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931, gaban dubban mutanensa, yana da shekara sama da saba'in. Ni fa ina zaune ina jira. Na tabbata yanzu wani zai ɓullo a kan doki ya tsinke igiyar, ai haka ake yi. Ba wanda ya zo. Tabaraunsa ya faɗi ƙasa, wani ɗan yaro ya ɗauka. Falonmu ya yi tsit, sai shessheƙar Inna daga bayan labule, ita da ta ce ba ta kallon fim ɗin Turawa. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya ce a maimaita wurin faɗan. Kawu ya tashi ya cire kaset ɗin ya fita masallaci.

To ma'aunina ke nan, kuma shi na so in faɗa jiya. Fim ɗin yaƙi na ƙwarai shi ne wanda idan ya ƙare hannunka ya yi nauyin tafi. Wanda ya sa ka san cewa wanda ya faɗi ɗin nan ɗan wani ne, akwai mai jiran sa a gida.

Abokina mai sayar da kayan waya ya ce ai Umar Mukhtar farfaganda ce, da kuɗin Gaddafi aka yi shi. Gaskiya ne, gwamnatin Libiya ce ta zuba kuɗin. Amma a nuna min fim ɗin yaƙi mai tsada da ba shi da uban gida. Jiragen da ke cikin Black Hawk Down na rundunar sojan Amurka ne, ita ta ba da su. Ni tambayata ita ce, bayan ka karɓi kuɗin, ka faɗi gaskiya ko ba ka faɗa ba? Italiya dai ta hana nuna fim ɗin shekara da shekaru, sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗin ƙasar. Wanda ya shirya shi, Mustafa Akkad, mutumin Halab ne ta Siriya, kuma shi ne ya yi Arrisala a 1976, wanda kusan ba gidan Bahaushen da ba a kalle shi ba. Anthony Quinn da ya fito a Sayyidina Hamza a can, shi ne dai Umar Mukhtar a nan. Akkad ya rasu a 2005 sakamakon bam ɗin da aka tayar a wani otal a Amman, shi da 'yarsa. Allah ya jiƙansa.

Na biyu a wurina shi ne Saving Private Ryan na 1998, kuma saboda farkonsa ne. Saukar sojoji a gaɓar Omaha ta Faransa, 6 ga Yuni 1944. Tun a cikin kwalekwale wasu ke amai don tsoro. Ana buɗe ƙofa, na gaba-gaba ko ƙafa ba su sa a ruwa ba aka zubar da su. Wani yana dube-dube a cikin yashi, ashe hannunsa da ya guntule yake nema, ya sunkuya ya ɗauka ya yi gaba. Wani yana kwance hanjinsa a waje yana kiran uwarsa. Ranar da na fara gani na ajiye abincin da nake ci. Kyaftin ɗin da Tom Hanks ya fito a matsayinsa hannunsa rawa yake yi in zai sha ruwa, yana ɓoyewa kada yaransa su gani, daga baya aka gane ashe malamin makaranta ne a garinsu. Ka ga ikon Allah, finafinai biyun da na fi so duk malamai ne jaruman, kuma duk ba su kai labari ba. Inda nake da ja da shi kawai, mai kallo zai ɗauka Amurka ce kaɗai ta karya Hitila, alhali Tarayyar Sobiyat ta yi asarar mutum sama da miliyan 20 a wannan yaƙi.

Black Hawk Down kuwa, wanda rabin teburin suka zaɓa, nan muka raba gari. Ba na musun iya aiki, in ka sa shi a babbar sifika sai ka ji kamar jirgin a kan rufinku yake. Amma ku tuna labarin. Mogadishu, Oktoban 1993. Sojan Amurka 18 suka mutu a wannan artabu, fim ɗin ya ba ka sunansu, ya nuna maka mai kiran matarsa a waya kafin ya fita. Somaliyawa ɗaruruwa suka mutu, su kuwa sai dai ka ga baƙaƙen mutane suna ɓullowa daga lungu ana kakkaɓe su kamar fara. Na kalle shi a gidan kallo, duk lokacin da Basomale ya faɗi sai a yi ihu a tafa. Na waiwaya na dubi masu tafin. Kasuwar Bakara da ake nunawa, da rumfunanta da kiran sallarta da cunkosonta, in ka ce min wani lungu ne a Mile 12 ko Alaba Rago ba zan yi musu ba. Wato kanmu muke yi wa tafi ana harbewa. Motocin sulke na Malesiya da Pakistan ne suka shiga suka fito da Amurkawan, fim ɗin ya wuce su a gurguje. Sojojin Najeriya ma suna garin a wannan shekarar ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, an kashe wasu daga cikinsu makonni kaɗan kafin ranar. Wa ya san sunansu?

Wanda yake son ya ga yadda ake yi wa kowane ɓangare adalci ya nemi The Battle of Algiers, na 1966, baƙi da fari ne, sai mai haƙuri. Ya nuna yadda Faransawa ke azabtar da mutanen Aljeriya, ba sassauci. Amma da matan 'yan gwagwarmaya suka ɗauki bam a kwando suka kai shagon shan shayi na Turawa, sai kyamara ta tsaya a kan fuskokin mutanen da ke ciki, har da ɗan ƙaramin yaro yana lasar askirim, kafin abin ya tashi. Kana goyon bayan masu neman 'yanci, amma cikinka ya ɗuri ruwa. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta haska wa jami'anta shi a 2003, lokacin da Iraƙi ta fara yi musu zafi.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Mu da ke Ikko kullum muna wuce barikin Dodan a Obalende, da Myohaung a Yaba, da Arakan a Apapa. Mutum nawa ne ya taɓa tambayar daga ina waɗannan sunaye suka fito? Ba Yarbanci ba ne, ba Hausa ba ne. Wurare ne a ƙasar Bama, wato Burma, ba Bama ta Borno ba, inda kakanninmu suka gwabza da Japan a yaƙin Hitila. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya a 1943 da 1944, daga can suka nausa daji. Su suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce yaren bariki a rundunar Najeriya ta wancan zamani, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta.

Muna yara akwai wani dattijo mai gadi a bayan layinmu, Baba kawai muke ce masa. Yana da wata lambar yabo da ta yi tsatsa, a cikin gwangwanin taba yake ajiye ta. In ya ce "lokacin da muke Bama" sai mu kama dariya mu gudu, Allah ya yafe mana. Wata rana muka lallaɓe shi ya leƙo gidan kallo ana Rambo. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya dubi mutumin nan ba riga a jikinsa yana ratsa daji, ya ce, "'Ya'yan nan, wannan da a Bama ne sauro kaɗai ya ishe shi." Ya ce su abin da suka fi tsoro ba harsashi ba ne, zazzaɓi ne da gudawa da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, takalmi ya ruɓe a ƙafar mutum. Ya ce a ka suke ɗaukar kaya su hau dutse inda mota ba ta zuwa, abinci kuma sai jirgin sama ya jefo. Ya fara ba mu labarin wani abokinsa Bazazzagi da suka binne a gindin wata bishiya ba likkafani, sai aka fara harbi a talabijin, duk muka juya muka bar shi. Da na waiwayo ya tafi. Ban sake jin ƙarshen labarin ba har ya rasu.

Sanagal sun yi nasu. Ousmane Sembène ya yi Camp de Thiaroye a 1988, kan sojojin Afirka da suka dawo daga yi wa Faransa yaƙi, suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta a Disambar 1944. Akwai kuma fim ɗin Indigènes na 2006, kan sojojin Arewacin Afirka, wanda sai da ya sa gwamnatin Chirac ta Faransa ta taɓa batun fanshon tsofaffin sojojin da aka daɗe ana tauyewa. Mu fa? Ga Bama, ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ga ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, ga Arewa maso Gabas da har yanzu ake kawo gawa. Na san za a ce kuɗi, kuma na yarda fim ɗin yaƙi ba wasan falo da kujeru ba ne. Amma labarin Baba ba ya buƙatar tanka ko jirgi. Daji ne, da damina, da mutum ashirin masu jin Hausa, da marubucin da zai zauna da iyalan mazan jiya ya saurara. Masu shirya fim na Kano da na nan Legas da ke bibiyata, da ku nake.

Da za mu watse na ce wa yaron nan mai Keke ya je wurin masu tura fim a sa masa Umar Mukhtar. Ya ce, "Alhaji, tsaya tukuna, aktan yana mutuwa?" Na ce masa rataye shi ake yi. Ya ce to shi gaskiya ba zai ɓata cajinsa ba. Mai shayi ya ce ya je ya kalla, in ya kai ƙarshe idonsa bai kawo ruwa ba, shayi da burodi na sati guda kyauta, har da ƙwai. Sun tafa a kan haka, ni ne shaida. Ranar Juma'a bayan isha'i zai kawo mana rahoto.