Ɗaya Da Ɗaya Goma Ne

ALHAJI: Kawo littafin nan, Auta. Mutumin da ya tsufa yana lissafin atamfa a Kantin Kwari, bai taɓa neman kalkuleta ba, ai aikin gidan 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba zai hana shi cin tuwo ba. Karanto mini tambayar farko.

AUTA: Abba, an ce a tara ɗaya da ɗaya a tushe biyu.

ALHAJI: Rubuta biyu, mu wuce ta gaba.

AUTA: Malam ya ce ɗaya da sifiri ake rubutawa.

Alhaji ya cire tabarau ya goge shi da hannun riga ya mayar, alhali da kunne ya ji maganar.

ALHAJI: Hajiya, fito ki ji abin da nake zuba wa kuɗi kowane zango. Wai ɗaya da ɗaya goma ne!

HAJIYA: Ai ba malamin ne ya fara ba, Alhaji. Mai shinkafar bakin layi ya daɗe yana aiki da wannan lissafin, kuma ban taɓa ganin ka je ka yi masa gyara ba.

AUTA: Ba goma ake karantawa ba, Umma. A tushe biyu lambobin da ake da su sifiri ne da ɗaya, saboda haka da zarar an kai biyu sai a ajiye sifiri a kai ɗaya gida na gaba. Malam ya ce da shi kwamfuta da waya suke aiki, domin ko dai akwai wuta ko babu.

HAJIYA: To, mu a unguwar nan sifirin kawai aka koya mana.

ALHAJI: Ni dai tun zamanin fam da sule nake riƙe kuɗi. Kafin a kawo naira a 1973, ina ɗan mitsitsi a shagon mahaifina, da ka nake haɗa cinikin yini, manya suna tsaye suna jinjina kai. Har yau ba a haifi wanda zai koya mini tarawa ba.

Wannan labari Hajiya ta haddace shi, har ta san inda ake tsayawa a yi gyaran murya, don haka ta bari ya kai ƙarshe kafin ta ɗana tarkonta.

HAJIYA: Allah ya ƙara basira, Alhaji. Sule goma sha biyar da sule bakwai, nawa ke nan?

ALHAJI: Fam ɗaya da sule biyu. Wannan ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa.

HAJIYA: Me ya hana ka ce ashirin da biyu?

ALHAJI: Saboda sule ashirin ya cika fam, kamar yadda kwabo goma sha biyu yake cika sule. Idan ya cika sai a tura shi gaba a riƙe ragowar.

HAJIYA: Ai abin da yaron nan yake gaya maka ke nan tun ɗazu, sai dai su a biyu suke cika. Ko a shago, idan mace ta ce yadi goma sha huɗu take so, ba turmi biyu da yadi biyu kake lissafa mata ba?

ALHAJI: Wancan kasuwanci ne, Hajiya, wannan kuma boko ne, kuma ba na son a riƙa haɗa mini sana'a da wasan yara. Auta, ɗauko wata tambayar mai ma'ana.

AUTA: An ce a mayar da 13 zuwa tushe biyu. Za a yi ta rabawa da biyu ana ajiye ragowa: shida saura ɗaya, uku babu saura, ɗaya saura ɗaya, sai sifiri saura ɗaya. Idan aka karanto daga ƙasa zuwa sama, 1101 ne.

ALHAJI: Goma sha uku ta zama dubu ɗaya da ɗari da ɗaya a gaban idona! Gobe da sassafe zan je makarantar nan. Sun karɓi kuɗin zango, sun karɓi na littafi, sun karɓi na darasin yamma, sannan su turo aikin gida wanda uban yaro ne zai kwana a kansa.

Sai ya yi shiru, irin shirun da yake yi idan ya hango riba a cikin dilar da kowa ya raina.

ALHAJI: Tsaya tukuna. Idan ƙaramin kuɗi yana kumbura, ashe babba ma yana iya saɓewa. Takardar da suka aiko ta ce 100,000. A tushen naku nawa ne?

AUTA: Kowane gida yana ninka na bayansa, ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida, talatin da biyu. Ɗaya da sifiri biyar talatin da biyu ne, Abba.

ALHAJI: Allahu Akbar! Ilimi kogi ne. Ni dama tun farko na san malamin nan ya san aikinsa, gwada ka kawai nake yi. Gobe ka kai musu naira talatin da biyu, ka ce a rubuto mini rasit.

Hajiya ta shiga ɗaki ba ta ce komai ba, ta fito da tsohuwar naira ashirin wadda ko mai ruwan leda sai ya ɗaga ta ya duba, ta ajiye a gabansa da ladabi.

HAJIYA: Ga rancen 10,000 da ka ba ni lokacin bikin ƙanwata, wanda kake tuna mini kullum bayan sallar isha'i. Auta, nawa ya kama?

AUTA: Goma sha shida, Umma.

HAJIYA: Madalla. Sai ka ba ni canjin naira huɗu, Alhaji.

ALHAJI: A'a, Hajiya, wannan ilimi na makaranta ne. A cikin gidan nan tushe goma muka gada kaka da kakanni.

AUTA: Abba, huɗun ma idan za a rubuta ta, 100 ce.

HAJIYA: Ka ji ko? Kawo ɗarin kawai, na yafe maka ladan jira.