Ɗumamar duniya ikon Allah ce, amma da hannun ɗan'adam a cikinta

Tun bayan Hajjin 2024 wannan magana take cina a rai, amma hirar da muka yi daren jiya bayan sallar isha'i a ƙofar gidan wani dattijo a unguwarmu, nan Makka, ita ce ta sa na zauna rubutu. Wani matashi ne ya ɗauko zancen ɗumamar yanayi, sai dattijon, wanda a garin nan aka haife shi kuma ya haura shekara 70, ya ce masa: "Yaro, Makka garin zafi ne tun zamanin Annabi Ibrahim. Zafi da sanyi na Allah ne, Turawa dai hanya suke nema su hana mu sayar da mai." Na ce masa: "Baba, ku gafarce ni, rabin maganarku gaskiya ce, amma ina da ja a kan sauran rabin." Dare ya yi kafin in kai ƙarshen bayanina, shi ya sa na kawo shi nan.

Babu mai musun cewa Makka garin zafi ne, kuma dattawanmu sun yi aikin Hajji a tsakiyar bazara a shekarun 1980. Amma duk wanda ya kasance a Mina a watan Yunin 2024 ya ga abin da ba zai manta ba. A ranar 17 ga watan ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suka sanar da rasuwar mutum 1,301, waɗanda kashi 83 cikin 100 nasu ba su da tasrihin Hajji, wato takardar izinin hukuma, sun yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana ba tare da inuwar tanti ba. Da idona na ga tsofaffi zaune a gefen hanyar Jamra, ana zuba musu ruwa a ka, ba sa iya ko amsa sallama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai ba zan ce zafin mako ɗaya ya isa hujja ba, domin rashin tasrihi da cunkoso suna da nasu kason. Hujjar tana cikin awon da aka daɗe ana yi.

Tun wajen 1850 ake rubuta awon zafi a kan tudu da kan teku a sassan duniya. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi, inda ta ɗara matsakaicin zafin 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.55, kuma shekaru 10 daga 2015 zuwa 2024 sun fi duk waɗanda aka auna kafinsu zafi. Wani zai raina digiri ɗaya da rabi, amma matsakaici ne na duniya baki ɗaya, dare da rana, rani da damina, kuma a gari irin namu da dama yake bakin iyakar abin da jiki zai iya ɗauka, ƙarin kaɗan ma yana kai mutum asibiti.

Saura tambayar da ta fi nauyi, wato me ya kawo shi. Iskar kabon da ke fitowa idan aka ƙona fetur da gas da kwal tana barin hasken rana ya sauko, amma tana tare wani kaso na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Wannan ilimi ya girmi arzikin man ƙasar nan, domin a 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwar iskar za ta ɗumama duniya, alhali sai a 1938 aka samu mai a Dammam. To ta yaya zai zama makircin da aka ƙulla don karya kasuwar da ba a ma buɗe ba tukuna? Kafin zamanin masana'antu iskar kabon tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Da aka fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 an same ta wajen 315. Yau ta wuce 420.

Masu cewa rana ce ta ƙara ƙarfi su sani cewa taurarin ɗan'adam suna auna ƙarfinta tun 1978, kuma bai ƙaru ba. Da ma rana ce, da dukkan sararin sama ya yi zafi tare, amma abin da aka samu shi ne iskar da ke kusa da ƙasa tana ɗumama yayin da ta can sama take yin sanyi, wanda alama ce ta zafin da aka tare a ƙasa. Duwatsu masu aman wuta kuwa, abin da suke fitarwa a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na abin da mutane suke fitarwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar yarda da wannan bayani kamar tauye ikon Allah. Ni na yi imani babu ganyen da zai faɗi sai da saninSa, amma addininmu bai taɓa kore sababi ba. Idan direba ya yi gudun ganganci a hanyar Jidda ya kaɗe mutum, muna cewa kwana ne ya ƙare, kuma duk da haka alƙali yana yanke diyya, babu mai ganin saɓani a ciki. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Aya ta 41 a Suratur Rum ma ta faɗa mana cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Ita kanta Saudiyya, wadda tattalin arzikinta ya dogara da mai, ba ta musa ba. A watan Oktoban 2021 ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take cirewa daga iska nan da 2060, kuma kowace shekara tana hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Amma wa wannan doka take karewa a cikinmu? Matasanmu masu tura keken tsofaffin alhazai da iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin titi ba su da kamfanin da zai ce su huta. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma 'yan'uwanmu manoma a Sudan da Nijar da Najeriya ne suke fara jin canjin damina a rumbunsu.

Hajji yana matsowa baya da kwana 11 a kowace shekara, don haka yanzu yana fita daga tsakiyar bazara, amma zai sake zagayowa cikinta a zamanin yaran da muke goyo yau, a duniyar da ta fi ta 2024 zafi idan hayaƙin bai ragu ba. Ina roƙon malamanmu masu karantarwa da Hausa a Makka da Madina da Jidda su sanya wannan batu a majalisansu, domin irin Baba ba za su karɓe shi daga bakin matashi kamata ba, amma za su saurara idan malami ya faɗa. Gobe bayan isha'i zan koma wurinsa da wannan rubutu in karanta masa, in Allah Ya yarda.