Ranar da aiki ya ƙare, mai kamasho a Saudiyya me zai riƙe?

Duk wanda ke zagaya shagunan turare da na waya a Makka da Jidda ya san yadda samarinmu da yawa ke samun abinci. Albashi kaɗan ne, kamasho ne ke riƙe gida. A watan azumi da lokacin Hajji, sa'ad da alhazai suka cika kasuwa, abin da yaro ke samu kan ninka albashinsa. Ranar da mai shago ya ce ya rage ma'aikata ne ake gane cewa rabin wannan kuɗi ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba.

Tun 2014 Saudiyya ta kafa tsarin Saned, inshorar rashin aiki da GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, ke gudanarwa. Ma'aikaci da mai aiki kowa na zuba kashi 0.75 cikin ɗari na albashi. Wanda aka sallama ba da laifinsa ba, kuma ya yi zubi na wata 12 cikin wata 36 da suka gabata, yana karɓar kashi 60 na matsakaicin albashinsa a wata uku na farko, kada ya haura riyal 9,000, sannan kashi 50 har zuwa riyal 7,500, na tsawon da bai wuce shekara ba. Tsari ne mai kyau, ban da ja a kansa.

To amma wane albashi? Wanda aka yi wa rajista. Ƙa'idar hukumar ta ɗauki kamasho da kason ciniki a matsayin albashi, sai dai ba kowane mai shago ke shigar da su ba. A ce an rubuta wa yaro riyal 4,000, alhali da kamasho yana kai 9,000 gida. In aiki ya ƙare, 2,400 zai gani maimakon 5,400, ga haya, ga iyali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau da yawa da yardar yaron aka yi. An ce masa in aka rubuta duka, abin da za a riƙa cire masa kowane wata zai ƙaru, shi kuma ya ga gara tsabar kuɗi a hannu. Ban ga laifinsa can ba, mai neman na cefane ba ya lissafin baɗi. Mai shagon da ya rage nasa zubin da wannan dabara shi ne ya san abin da yake yi.

Sai maganar istiƙala, wato ajiye aiki da kai. Mai kamasho ba sai an kore shi ba. A ɗauke shi daga reshen da ke kusa da Harami a kai shi inda ba ciniki, ko a ɗaga masa adadin da zai sayar, da kansa zai rubuta takardar barin aiki. Wanda ya bari da kansa kuwa Saned ba ta san da shi ba. A ganina wannan kora ce, ko da an canza mata suna, kuma ya kamata masu sasanta rikicin ma'aikata da kotunan ƙwadago su riƙa kallonta haka idan hujja ta nuna da gangan aka toshe wa mutum hanyar samu.

Duk wannan kuma na masu takardar ɗan ƙasa ne. Hausawan da ke zaune da igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, har da waɗanda aka haifa a unguwar Shara Mansur ta Makka ba su san wani gari ba, Saned ba ta shafe su ba. Abin da suke da shi shi ne ladan ƙarshen aiki: albashin rabin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, na wata guda a kowace shekara bayan nan. A nan ma sashe na 86 na dokar ƙwadago ya yarda a yi yarjejeniyar cire kamasho daga lissafin. Masu kare sashen na cewa kamasho hawa da sauka yake, ba a iya gina haƙƙi a kansa. Ai shi ya sa ake ɗaukar matsakaici. In GOSI ta iya lissafa shi don karɓar zubi, mai shago ma zai iya don biyan mutumin da ya tsaya masa shekara goma. Ina ganin a taƙaita sashen, aƙalla ga wanda kamasho ne fiye da rabin samunsa.

Kafin a kai can, ɗan'uwa, buɗe manhajar GOSI ka ga nawa aka rubuta maka. Karanta kwantiraginka a Qiwa, shafin gwamnati na kwantiragin aiki, kafin ka danna amincewa, ka nemi inda aka ambaci kamasho. Ka dage a riƙa turo shi ta banki, don kuɗin ambulan ba ya zama shaida. In kuma aka miƙo maka takardar istiƙala aka ce sa hannu kawai za ka yi, ka karɓa ka tafi da ita gida tukuna, ka nuna wa wanda ya san doka.