Don Allah ku daina shafa wa sarƙar kekena baƙin mai

Duk Asabar bayan asuba nakan ɗauki keken hawan dutse in bi hanyoyin ƙafa na wajen duwatsun Shere, gabas da Jos. Hawan bai dame ni ba, ko da numfashi zai ɗauke. Abin da ke cin raina shi ne dawowa wajen mai gyara.

Makon jiya ƙaya ta huda mini tayar baya. Na turo keken har bakin titi, na sami mai faci. Da fari famfonsa bai shiga ba, don bawul ɗin kekena siriri ne, irin Presta, nasa kuwa na babur da mota ne. Muka yi ta fama. To, wannan na yafe.

Ina juya baya in sayi ruwa, sai na dawo na tarar ya tsoma tsumma a baƙin man inji yana goga wa sarƙa. "Oga, kyauta na yi maka," in ji shi. Kyautar me! A wannan hunturun, baƙin mai ƙura yake kwasa, su haɗu su zama kamar yashi, su cinye sarƙa da haƙoran giya. Kuma man ya fantsama kan faifan birki. Yanzu in na taka a gangara sai ihu kamar akuyar da aka ɗaure, kamawa kuwa babu.

Na ce, "Malam, wa ya sa ka?" Dariya ya yi, wai haka yake wa kowa. Daren nan a kan kananzir da tsohon buroshin haƙori na kwana.