Tankin gidan mai ba ya cewa ya ƙoshi

Tun bayan gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa cikin Oktoban 2024 da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja cikin Janairun 2025, duk maganar haɗarin fetur ta koma kan titi: birki, tayoyi, direba mai gyangyaɗi, da masu rugawa da jarka kwasar ganima. Hukumar NMDPRA mai kula da sufuri da sayar da man fetur ma nan ta fi sa ido, har ta hana yi wa tankoki masu cin lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025. Madalla. Sai dai tankar da ta sha ramukan hanya tun daga Legas ta iso Jega ko Birnin Kebbi lafiya, da sauranta. Akwai lokacin juye man cikin tankin da ke binne a gidan mai, kuma nan ne ba wanda ke kallo.

Ga yadda ake yi a gidaje da yawa. Manaja ya zura sandar awo, ya zaro, ya duba inda jiƙa ta tsaya, wani lokaci da fitilar waya don dare ya yi. Ya leƙa takardar lissafin tankin, ya ce wa direba akwai wuri. Yaron mota ya ja mesa ya cusa a bakin tanki, a buɗe famfo, man ya riƙa gangarawa da nauyinsa, ɗaruruwan lita cikin minti guda. Daga nan rayukan unguwa sun rataya a kan lissafin mutum ɗaya. In ya ɗauko takardar wani tankin, ko tankin ya ɗan karkace a ƙasa tsawon shekaru har sanda ta daina faɗin gaskiya, ba abin da zai tsayar da man sai an ga ya tumbatso.

Ba kullum kuskure ba ne kuma. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuɗin tanka guda ya zama dukiya. Mai gida ya biya, motar ta kwana a hanya kwanaki, ta iso ta tarar tanki bai sauka yadda aka zata ba. Direba ba zai koma da ragowa ba, mai gida ba zai yarda a bar masa digo a mota ba. Sai a ce a matsa, zai shiga.

In bai shiga ba, ya fito ta baki ko ta bututun fitar da iska. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake rarrafe har ya tarar da janareta ko murhun mai shayi da ke jikin katanga. Wannan shi ne haɗarin da ake gani. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ake zuba wa yashi a share a manta. Kebbi ƙasar fadama ce. A Argungu da Birnin Kebbi da Bunza, duk inda ya kusanci gulbi ruwa ba ya da nisa a ƙasa, kuma jama'a da rijiya da burtsatse suka dogara. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini, kuma in ya isa ruwan ƙasa, fitar da shi aikin shekaru ne da kuɗin da babu ƙaramar hukumar da ke da su. Mutanen Baruwa a Legas, waɗanda fetur ya gurɓata wa rijiyoyi daga yoyon bututu, sun san wannan.

Maganin kuwa ba sabon abu ba ne. Bawul ne da ake ɗaurawa cikin bututun da mai ke bi ya sauka tanki, da ɗan abu mai yawo a saman mai, kamar na tankin ruwan da ke kan rufin gida. Idan tanki ya kai kashi 95 cikin 100, sai ya ɗaga ya toshe hanya, mesa ta yi tsalle, direba ya san lokacin rufe famfo ya yi. Yana barin 'yar kafa don man da ya rage a mesa ya tsiyaye. A tanki mai cin lita 45,000, wurin da aka bari ya kai lita 2,250. Ba ya bukatar wutar lantarki, abin da ya sa ya fi ƙararrawar gargaɗin cikar tanki dacewa da mu. Amurka ta wajabta kariyar cikar tanki tun 1988, ta ba tsofaffin gidajen mai wa'adi zuwa Disambar 1998, sannan a 2015 ta ƙara da cewa a riƙa gwada na'urar duk shekara uku.

Ra'ayina shi ne NMDPRA ta mai da wannan bawul sharaɗin da ake dubawa da ido kafin sabunta lasisin kowane gidan mai a jihar nan, tsoho da sabo. Amma in za a yi, a yi shi da gaske, don bawul ɗin yana da nasa sharuɗɗa. Dole a ɗaure mesa gam da bakin tanki da mahaɗin ƙarfe. Wanda ya saba cusa mesa haka kawai a buɗaɗɗen rami, ranar da bawul ya rufe, man a fuskar yaron mota zai dawo. Haka nan irin wanda aka fi sani an yi shi ne don man da ke gangarawa da kansa, ba wanda ake turawa da inji ba. Sannan akwai dabarar da aka sani a duk inda ake amfani da shi: a zura sandar awo a bar ta ciki ta tokare bawul ɗin don kar ya rufe. Ke nan mai gidan da aka tilasta wa sayen abin da bai fahimta ba, zai iya kashe shi da sanda ɗaya.

'Yan IPMAN, ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, za su ce riba ta yi ƙaranci, kayan daga waje ake kawo su da dala, kuma sai an dakatar da ciniki a tankin kafin a ɗaura. Gaskiya ne, musamman ga mai famfo biyu a hanyar Kamba ko Zuru. Shi ya sa wa'adi ya kamata a bayar, a fara da gidajen da ke cikin unguwanni da na bakin fadama, ƙungiya ta yi oda a dunƙule don farashi ya sauka. Amma batun a bari gaba ɗaya bai taso ba. Mai gida da kansa ya lissafa kuɗin lita ɗari biyar da ta malale a farashin yau, tun kafin a zo maganar gobara ko rijiyar maƙwabci.

Gwamnatin jiha ma tana da hannu, tunda ita ke ba da izinin fili da gini. Kada ta sa hannu a kan sabon gidan mai sai zanensa ya nuna bawul da mazubin tare tsiyaya a bakin kowane tanki. Jami'in da ya zo dubawa kuma kada ya tsaya a rasit: a zaro bututun a gabansa, a ɗaga abin da hannu ya ga ya rufe, a rubuta ranar gwaji na gaba.