Kowa ya zo sai a ce maleriya da taifot

Wai ni kam ƙananan asibitocin unguwa na nan Jos me ke damunsu ne? Ka shiga da zazzaɓi, kafin ka gama zama an riga an rubuta maka maleriya da taifot, ba gwaji ba komai, in ma an yi to Widal ne, gwajin jini na taifot, wanda su kansu likitoci ke cewa ba a dogara da shi shi kaɗai, sai kawai a ɗaura maka ruwa leda biyu a caje ka. Gwajin maleriya na tsinke minti 15 zuwa 20 ne fa.

Abin da ya fi ƙona min rai nas ɗin da ta yi wa ƙanwata allura, wallahi safar hannu ɗaya ta taɓa mutane da ita bi da bi, ta gama ta wurga sirinji a kwandon shara a buɗe yara na ta yawo a wurin, alhali akwai kwali na musamman da ake zuba allura. Ciwon hanta na B ta jini ake ɗaukarsa, haba dan Allah! Na yi magana wai "Malam mun san aikinmu". Famfon wanke hannu ko ɗigon ruwa babu, sabulu ma babu, amma kuɗin kati tun daga bakin ƙofa za a karɓe.