Minti biyu a gaban maƙwabta

Jibi Litinin, 3 ga Fabrairun 2020, da ƙarfe bakwai na dare, in Allah ya kai mu, zan miƙe a ɗakin wasannin wata makarantar firamare da ke unguwarmu a Cedar Rapids, jihar Iowa ta Amurka, in yi magana da yawun Bernie Sanders, mai neman jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. An ce mini minti biyu zan samu, in kuma taro ya cika ƙila a rage. Sati uku ke nan ina fama da takarda guda ɗaya, na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Tunda 'yan uwa da yawa suna ta tambaya ta waya me ake nufi da wannan kokas ɗin da ake ta faɗa a labarai, bari in zauna in yi bayani sau ɗaya, in kuma faɗi abin da ke raina game da shi.

Kokas na Iowa ba irin zaɓen da za ka shiga ka dangwala ka fito ba ne. Taron unguwa ne na jam'iyya. Jihar tana da ƙananan hukumomi 99, an rarraba su zuwa mazaɓu sama da 1,600, kowace mazaɓa kuma da nata taron a dare ɗaya, a makaranta ko coci ko ɗakin karatu. 'Yan Rifablikan suna sauraron masu magana ne sannan kowa ya rubuta sunan gwaninsa a 'yar takarda a asirce. Mu 'yan Dimokurat, a tsarin da muke kai a 2020, da ƙafa muke zaɓe. Kowane ɗan takara yana da kusurwarsa a ɗakin, sai ka taka ka je ka tsaya a inda kake so, kowa yana kallonka. A ƙirga. A yawancin mazaɓu, duk ɗan takarar da bai tara kashi 15 cikin ɗari na mutanen ɗakin ba ya faɗi, sai a ba mutanensa dama su koma wata kusurwar. A sake ƙirgawa, a raba wakilai. Wanda ya ga zaɓen ƙato bayan ƙato a gida ba zai yi baƙunta sosai ba, sai dai a nan akwai zagaye na biyu, kuma a wannan zagayen ne baki yake aiki.

Daga 1972 har zuwa wannan shekara ta 2020, wannan jiha ce take buɗe fagen fidda gwanin takarar shugaban ƙasa. A nan Jimmy Carter, wanda ba kowa ya san shi ba a wajen Georgia, ya fara ɗaga kai a 1976. A nan Obama ya ci a ranar 3 ga Janairun 2008, Hillary Clinton ta zo ta uku, mutane suka fara yarda cewa abin mai yiwuwa ne. A 2016 ratar da ke tsakanin Clinton da Sanders ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, har a wasu mazaɓun sai da aka jefa kwabo kafin a san wa zai ɗauki wakili. Saboda haka idan na ce mutum uku ko huɗu da za su tsallako kusurwarmu suna da nauyi, ba cika baki nake ba.

Rubutuna na farko, da na karanta wa iyali bayan sallar isha'i, cike yake da yabo. Gwarzo ne, mai gaskiya ne, shekara da shekaru bai sauya baki ba, gatan marasa gata. Na karanta da ƙarfi, ina jin daɗin kaina. Uwargida ba ta ce komai ba. 'Yata ta fari, wadda za ta cika sha takwas kafin zaɓen Nuwamba, don haka doka ta ba ta damar shiga taron bana, ita ce ta ce, "Abba, duk wannan ai sun ji shi a talabijin. Kai me ya sa kake sonsa?"

Na kwana da tambayar nan. Da gari ya waye na gane kirari na rubuta. Da shi muka tashi, kunnenmu ya saba. A gida, wanda zai yi magana don ɗan takara aikinsa shi ne ya kambama shi, ya jero masa sunaye, ya yi wa abokin hamayya habaici, taro ya ɗauki sowa. Sojojin baka a rediyon Kano sun mayar da abin sana'a, wasunsu kuma gwanaye ne na gaske. Amma mai kirari ba ya ɗaukar alhakin abin da ya faɗa. Kowa ya san aikinsa yake yi, gobe in ya koma wani gidan ba wanda zai yi mamaki. Ni kuwa wa zan tsaya a gabansu? Dattijuwar da ke kallon gidana ta taga, wadda take karɓar mana saƙo in ba ma nan. Mutumin da muke aron injin kwashe ƙanƙara a wurinsa. Malamar da ta koyar da yarana biyu. Sun san lokacin da nake fita aiki, sun san ko ina yanke ciyawar ƙofar gidana, sun san yadda nake gaisuwa. In na tsaya na ce wannan mutumin za a iya ba shi amana, mutuncina na ɗora a kai. Tsaya wa mutum ne, irin wanda ake yi a kasuwa in baƙo zai ɗauki kaya bashi, ka ce na san shi, in ya ci ku zo wurina.

Wannan shi ne ra'ayina, kuma ina kansa: wanda zai yi magana a irin wannan taro shaida zai bayar, kuma shaida ba ta halatta sai a kan abin da ka gani da idonka.

To me na gani? Shekara uku da suka wuce an rage ma'aikata a inda nake aiki, na shiga cikin waɗanda abin ya shafa. A ƙasar nan inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a jikin aikinsu take rataye, aiki ya tafi ita ma ta bi shi. A cikin watannin da na yi kafin in samu wani aikin, ƙaramin ɗana ya tashi da dare numfashi yana sarƙe masa. Ba zan manta ba, na ɗauke shi na sa a mota, amma kafin in tayar da ita sai da na yi shiru ina lissafin kuɗin da za a caje mu. Ɗan lokaci ne ƙalilan, ban fi ƙiftawar ido biyu ba, amma na yi lissafin. Uba, ɗansa yana haki a kujerar baya, yana lissafi. Yaron ya warke, alhamdulillahi. Takardar kuɗin da asibitin ya aiko kuwa sai da muka fi shekara muna biya kaɗan kaɗan. Sanders yana cewa a yi inshora guda ta gwamnati wadda za ta ɗauki kowa, kamar yadda Medicare take ɗaukar waɗanda suka kai shekara 65 tun daga 1966. Abin da na sani ke nan, kuma da shi zan tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na so in ƙara maganar albashi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, ba a taɓa shi ba. Ƙaramar hukumarmu ta Linn da wasu 'yan ƙalilan sun ɗaga nasu, sai majalisar jiha ta soke ƙarin a 2017. Na san mutanen da abin ya taɓa aljihunsu. Amma minti biyu ba ya ɗaukar kaya biyu, dole na ajiye shi, in wani ya tambaya a zagaye na biyu sai in ɗauko.

Jiya Juma'a, 31 ga Janairun 2020, kuma aka zo da abin da ya kusa rushe mini shirin gaba ɗaya. Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar zama, tare da Eritiriya da Myanmar da Kirgizistan, Sudan da Tanzaniya kuma aka cire su daga bizar caca. Takardun Hajiyarmu suna kan hanya. Yayana ya kira daga Kano, muryarsa a sanyaye, ya ce, "To yanzu ya ke nan?" Na ce, "Yaya, sai dai mu yi ta addu'a, mu ga abin da hali zai yi." Da na ajiye wayar na ɗauko takardar nan da niyyar in goge komai in rubuta a kan wannan kaɗai. Raina a ɓace yake, har yanzu ma bai huce ba. Uwargida ce ta dakatar da ni. Ta ce, "Malam, a cikin masu takarar nan akwai wanda yake goyon bayan dokar?" Babu. Tun da Trump ya fara dokar hana 'yan wasu ƙasashe shigowa a Janairun 2017 duk 'yan Dimokurat suke sukar ta. Ke nan in na tsaya a kanta na faɗi dalilin da ya sa na fito daga gida, amma ban faɗi dalilin da zai sa wani ya bar kusurwar Biden ko ta Warren ya zo tamu ba. Na bar mata jimla ɗaya a farko, don su san wanda ke magana da abin da ya kwana da shi. Sauran na bar shi yadda yake.

Abu na biyu da na koya, kuma shi ne ya fi burge ni a tsarin, shi ne zagi ba ya biya a ɗakin nan. Wanda ka ci wa gwani mutunci da ƙarfe bakwai da rabi, shi za ka je kana lallashi da ƙarfe takwas in gwanin nasa bai kai kashi 15 ba. Maƙwabciyar tawa dattijuwa tana tare da Amy Klobuchar, ta kafa allonta a ƙofar gida tun kaka. In Klobuchar ba ta kai ba a mazaɓarmu, wurinta zan fara zuwa. Da wane ido zan kalle ta in na riga na yi wa 'yar takararta ba'a? Saboda haka babu sunan kowa a takardata sai na wanda nake tsaya wa. Na kuma shirya wa tambayoyin da na san za ta yi, don mace ce mai karatu. Za ta ce Sanders shekararsa 78, ya kuma samu bugun zuciya a Oktoban 2019. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Za ta ce haraji zai ƙaru. Shi kansa ya amsa cewa zai ƙaru, hujjarsa ita ce kuɗin inshora da na asibiti da mutane ke biya yanzu za su tafi. Za ta ce kalmar gurguzu da ake liƙa masa za ta kayar da mu a Nuwamba. Wannan ita ce tambayar da ni ma take hana ni barci, kuma haka zan gaya mata. In na nuna mata ba ni da shakka ko ɗaya za ta san ƙarya nake, daga nan kuma sauran maganata ta zube.

Kada wani ya ɗauka ina cewa tsarin nan ba shi da aibu. Yana da shi, babba ma. Dole ka zo da kanka, a dare ɗaya, a tsakiyar hunturu, ka zauna awa ɗaya ko biyu. Mai aikin dare a mayankar nama fa? Ma'aikaciyar jinya da ke bakin aiki? Matar da ba ta da mai riƙe mata yara? Da yawa daga cikin 'yan uwanmu 'yan Sudan da Kongo da ke jihar nan irin ayyukan da suke yi ke nan, kuma su ne maganar inshora da albashi ta fi shafa. Bana jam'iyya ta yarda a yi wasu tarukan na daban a wasu wurare da wasu lokuta saboda irinsu, an rage zafi amma ba a warke ba. Ga kuma tsayuwa a fili: wanda maigidansa na wurin aiki yake ɗakin, ba lalle ya iya zuwa inda zuciyarsa take so ba. Mu da muka san ƙato bayan ƙato mun san wannan ciwon sarai, mun ga yadda ake bin layi da ido ana haddace fuskoki. Sannan jiha ce mai mutum miliyan uku da ɗoriya, mafi yawansu nesa ba kusa ba farar fata, amma ita ke fara tace wa ƙasa baki ɗaya 'yan takara. Masu cewa wannan ba adalci ba ne suna da hujja.

Duk da haka akwai abu guda da nake yi wa gida kwaɗayinsa. Ba wanda ya ba ni ko sisi. Wata yarinya 'yar jami'a ce ta ƙwanƙwasa mini ƙofa cikin sanyi, muka yi hira, ta dawo karo na biyu, a na uku ta ce ko zan yarda in zama jagoran magoya baya a mazaɓarmu. Abin da na samu shi ne riga da 'yar takardar bayani. In na tuna yadda ake tara daliget a otal a kwana ana ciniki, talakan da sunansa ke cikin rajistar jam'iyya kuma sai dai ya ji sakamako a rediyo, sai zuciyata ta yi nauyi. Mu ma muna da mutanen da in suka miƙe a unguwa suka ce na yarda da wane, za a saurare su saboda an san halinsu. Zamanin NEPU irinsu ne suka ɗauki jam'iyya a ka, teloli da 'yan koli da malaman zaure, wasu har gidan yari. Ba mutanen ne suka ƙare ba, fagen da za su yi magana a ji ne aka toshe.

Turancina har yau da harshen Kano yake fita, kuma masallacin farko da aka gina a garin nan tun 1934 yake tsaye, don haka ba ni ne Musulmin farko da zai buɗe baki a gabansu ba. Na daina ƙoƙarin gyara lafazi, na koma rage gudu. Yau da safe 'yata ta riƙe agogon waya, na karanta sau huɗu. Na ƙarshe ya tsaya a minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. A wurin da na zo kan maganar mota da lissafi murya takan ɗan shaƙe mini, ta ce in na kai nan in tsaya in ja numfashi, akwai sauran daƙiƙa goma.

'Yan uwa da ke Iowa masu takardar zama ɗan ƙasa, ku duba inda mazaɓarku take taro tun yau, don ba lalle ya zama inda kuka saba jefa ƙuri'a ba. Ana iya yin rajistar jam'iyya a bakin ƙofa, amma dole ka kasance a layi kafin ƙarfe bakwai. Wanda ke Cedar Rapids kuma ba shi da mota ya yi mini magana ta akwatin saƙo, akwai wurin mutum uku a tawa, shida da kwata za mu tashi.